Ɗakin Soro da Gangar Noma: Ɗaukar Muryar Wani Makaɗi a Wurno

A garin Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har Allah ya karɓi ransa a 1837, akwai wani malamin firamare wanda mahaifinsa makaɗin noma ne. Tsohon ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin gayya daga fadamun Wurno zuwa ƙauyukan Rabah da Goronyo, ganga a kafaɗa, 'yan karɓi uku a bayansa. Ɗan bai gaji kiɗa ba, boko ya yi. Hankalinsa bai tashi ba sai ranar da ya ji tsohon ya ɗauko wani ɗan waƙa, numfashi ya yanke masa kafin ya dire shi. A lokacin ɗaya daga cikin 'yan karɓin ya riga mu gidan gaskiya, gayya kuma ta ja baya, ga shi babu ko kaset ɗaya mai ɗauke da muryar tsohon. Nan ya ƙudurta ɗaukar waƙoƙin mahaifinsa a gida, tun da sauran numfashi.

Haƙiƙa yana da hujja. Ana nazarin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi, da Ɗan Anace na ƙasar Gandi, domin na'ura ta riske su da rai. Gidajen rediyo, musamman na Kaduna da aka buɗe a 1962, da masu faifai da kaset, su ne suka tsare mafi yawan abin da ake kafa hujja da shi a yau. Abin da ake kira taskar waƙoƙin baka, taskar waɗanda makirufo ya kai gare su ce. Makaɗin ƙauye da bai yi wa sarki ko attajiri waƙa ba, galibi da waƙarsa ake binne shi.

Malamin ya sayar da albasar da ya noma a fadama, ya nufi Sakkwato. Mai shagon da ya tarar ya lissafa masa kayan situdiyon zamani: kwamfuta, da akwatin da ke sada makirufo da kwamfutar, wanda suke kira sawunkad, da makirufo samfurin kondensa, da lasifikar kunne. Ya ƙara da cewa a ɗauki murya ita kaɗai, daga baya a ɗora ganga, sannan a ɗora amshi, kamar yadda ake yi wa mawaƙan fiyano. Mai shagon bai cuce shi ba, abin da ya sani ya faɗa. Sai dai shawarar ta wata irin waƙa ce daban.

Zaman farko bai haifar da komai ba, kuma dalilai uku ne suka haddasa haka. Na farko ɗaki. Malamin ya zaɓi ɗakinsa na bulo mai daɓen siminti da rufin kwano, don shi ne mafi kyau a gidan. Bango mai santsi da tauri mayar da sauti yake yi, saboda haka kowane bugun ganga ya komo da amsa-kuwwa, ya hau kan kalmomin tsohon. Na biyu wuta. Kondensa ba ya aiki sai an ba shi ƙarfin lantarki na bolt 48, kwamfutar kuma batirinta ya gaji, dole aka tayar da janareta. Kondensa kuwa kunnen zomo gare shi: ya kwashi ƙugin janareta, da kukan akuya, da wani siririn gunji da ke biyo waya daga lantarkin ƙasar nan mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne tsarin ɗaukar. Da aka maƙala wa tsohon lasifikar kunne, aka fitar da 'yan karɓinsa waje, sai ya yi gindin waƙa sau biyu ya tsaya.

"Yaro, hidda min wanga abu ga kunne," in ji shi. "Ni ban san waƙa ni ɗai ba. In ban ji ganga ga ƙirjina ba, ban ga idon masu karɓa min ba, wa nika yi ma waƙa?"

"Baba, a yi haƙuri, haka aka ce ana yi."

"To, a kira wanda yac ce hakanan shi zo shi yi."

Wannan magana ce ta juya tunanin malamin. Ya gane cewa ya sayo kayan da ke neman makaɗi ya bi su, alhali kayan ne ya kamata su bi makaɗi. Waƙar baka ba a gama ta kafin a fara rera ta. Jagora yana saƙa ɗiyan waƙa ne a kan abin da 'yan karɓi suka mayar masa da abin da ganga ta faɗa. Wanda ya raba su ya ɗauki kowa shi kaɗai, ya wargaza abin da ya zo adanawa.

Ya koma Sakkwato ya musanya kondensa da sawunkad, tare da 'yar hasara, ya karɓo ƙaramar rikoda samfurin Zoom H4n da makirufo biyu samfurin dainamik, irin Shure SM58 da aka fara ƙerawa a 1966. Rikodar batir biyu ƙanana take ci, don haka janareta ya fita daga lissafi. Tana da makirufo biyu a kanta da kafa biyu ta jona wasu, wato tana ɗaukar layi huɗu a lokaci guda. Shi kuwa dainamik bai damu da wuta ba, yana jure ƙura da zafi da bugun ganga, kuma abin da ke gabansa ya fi ji.

Daga nan ya kwashe kayan zuwa tsohon soron kakarsa, ɗakin da aka mayar ma'ajiyar hatsi. Kaurin bangon ƙasa ya tare hayaniyar waje, rashin santsinsa da azarar rufin suka karya amsa-kuwwa. Ya shimfiɗa tabarmi, ya rataya barguna, ya bar buhunan gero a kusurwoyi domin su shanye ƙugin ganga. Makirufo ɗaya ya tsaya kimanin taƙi guda daga bakin tsohon, ɗaya a gefen fatar ganga, rikodar kuma a tsakiya tana fuskantar 'yan karɓi. Ya sa aka yi bugu mafi ƙarfi, ya rage ma'auni har allurar ta tsaya wajen desibel 12 ƙasa da iyaka, domin sautin da ya haura iyaka fashewa yake yi, kuma ba shi da gyara. Ya zaɓi tsarin WAV mai kilohaz 48 da bit 24, mafi ƙarancin abin da ƙungiyar ma'adanar sauti ta duniya, IASA, ke ba da shawara. Sa'a guda a layi huɗu tana cin kusan gigabait 2, amma MP3 da saƙon murya na WhatsApp zubar da wani sashe na sautin suke yi, ba ya kuma dawowa.

Bayan sallar lisha, da injin niƙa ya yi shiru, aka zauna. Malamin ya fara faɗin rana da wuri da sunayen mahalarta a cikin rikodar. Tsohon ya dubi mutanensa biyu, ya buga. A waƙa ta uku sunan wani sarkin noma ya ɓace masa, sai ɗan karɓi ya jefo sunan a cikin amshi, tsohon ya cafe ya ci gaba kamar da gangan aka yi. Da malamin ya buɗe sautin a manhajar Audacity, zuciyarsa ta raya masa ya yanke wurin tare da tarin da ya biyo baya. Bai yanke ba. Ya ajiye asalin yadda yake a wuri uku, ɗaya a wajen gidan, ya kuma keɓe wani dare ya ɗauki tsohon yana bayanin mutane da gonakin da ya ambata.

A nan ne wannan labari ya shafi manazarta. Tun daga ƙamus ɗin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971, har zuwa ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, an nuna cewa waƙar baka aiki ne na jama'a, ba matani ne kurum ba. Duk da haka, ɗalibi kan karɓi kowane sauti ya samu a waya, ya rubuta, ya shiga fiɗa, ba tare da ya tambayi yadda aka ɗauke shi ba. Idan ganga ta danne murya, mai rubutawa cankar baiti yake yi. Idan daga baya aka ɗora amshi, mai nazarin karɓeɓeniya da rakiya aikin mai situdiyo yake nazari, ba na makaɗi ba. Inda aka dasa makirufo, da abin da aka yanke, da abin da aka bari, duk hukunci ne a kan matani, kuma an zartar da shi tun kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Ko ɗakin soron ma bai kama komai ba. Da aka kunna wa tsohon, ya saurara har ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya ce: "Ganga ta hito, murya ta hito. Amma ina galma? Wanga ba kiɗin zaunne na ba."

Malamin bai yi musu ba. Kiɗan noma da saran ƙasa yake tafiya, da kuwwar manoma idan an ambaci sunan uban ɗayansu. Ya cire batir daga rikodar, ya kulle ta a roba mai murfi saboda ƙurar hunturu, ya aika wa 'yan karɓin biyu cewa su zauna da shiri. Idan Allah ya kai rai damina, ranar noman farko, a gona za a kunna ta.