Tun Yaushe Kuka Sani?

Mu uku ne muke kula da duk wani abu mai waya ko madanni a majami'armu da ke Gusau. In lasifika ta fara ƙugi ranar Lahadi, mu ake harara. In wayar Fasto ta cika, mu ake kira. Ilimin kwamfuta muka karanta a jami'a, rubuta manhaja kuma ita ce sana'armu, amma a bakin iyayenmu na Zumuntar Mata sunanmu "yaran nan masu gyaran waya", ko da yake kowannenmu ya haura talatin. Ɗaya a Gusau aka haife shi, ɗaya iyayensa suna Tsafe, na ukun kuwa ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Bungudu. Ba za mu ambaci sunan majami'ar ko ɗarikarta ba. Waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma har yau rufi ɗaya muke sujada a ƙarƙashinsa.

A shekarar 2021, shekarar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, mutane suka yi ta barin ƙauyuka suna shigowa Gusau da tabarmi da tukwane. A cikinsu akwai 'yan'uwanmu masu bi daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu. Dattawan ikilisiya suka buɗe asusun taimako: baiko na musamman kowace Lahadi, don hatsi da kuɗin haya da kuɗin makarantar yara. Aka ce mu shirya yadda za a riƙa lissafi. Muka yi ɗan shiri mai sauƙi a kwamfuta, gefe ɗaya abin da ya shigo, gefe ɗaya abin da ya fita da sunan wanda aka ba. Muka ji daɗin kanmu ƙwarai.

Ranar 3 ga Satumba aka katse layukan waya a duk jihar Zamfara. Babu kira, babu intanet, babu tura kuɗi ta waya. Mu da abincinmu ke kan intanet sai muka tattara kwamfutocinmu muka nufi Funtua, da aka katse ta can ma muka wuce Zariya. Makonnin da muka yi ba ma nan, baiko ya koma tsabar kuɗi zalla. Masu ƙirga su ƙirga, su rubuta a takarda, su miƙa wa Baba Ma'aji, shi kuma ya sa a jaka ya tafi gida.

A watan Nuwamba muka zauna shigar da takardun nan. Lissafi ya ƙi haɗuwa. Muka sake, ya ƙi. Mai sana'armu in ya ga kuskure kansa yake fara zargi, don haka muka kwana biyu muna binciken shirinmu layi-layi. Shirin lafiya lau yake. Kusan kashi ɗaya cikin uku na asusun ne babu shi a banki, babu shi kuma a hannun waɗanda aka tara dominsu.

Sai an san waye Baba Ma'aji kafin a gane abin da ya same mu. Tsohon malamin firamare ne, ɗan asalin ƙasar Tsafe. Shi ya koya mana haddar sunayen littattafan Littafi Mai Tsarki a makarantar Lahadi. Shi ya saya wa ɗayanmu fom ɗin JAMB lokacin da mahaifinsa ya rasu. Bai taɓa sa takalmin da ya fi na kowa ba. Yaya yaron da ka share wa majina zai tsaya a gabanka ya ce ina kuɗi?

Muka yi shiru. Kuma da yake mun yi karatu, ba mu rasa hujjojin da za mu lulluɓe shirun da su ba.

Ta farko kara ce. An rene mu a kan cewa yaro ba ya kallon idon babba, balle ya ƙirga masa kuɗin aljihu. Ta biyu tsoro ne irin na wanda ba shi da yawa. Muna yara aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, kuma tun lokacin abin da iyayenmu ke nanata mana ɗaya ne: ku kama kanku, kada a ji ku, kada a gan ku. Wanda ya girma da wannan gargaɗi yakan ɗauki kowane laifin cikin gida a matsayin makamin da za a miƙa wa na waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji mu, sai muka shafa wa tsagar fenti. Ta uku kuwa ta fi kama da ibada: wa ya sa mu alƙalai? Mu yi masa addu'a kawai.

Gaskiyar ita ce addu'ar ma ba mu yi ba. Abin da muka yi shi ne buɗe zaure a WhatsApp, mu uku, muna ta juya maganar. Muka laƙaba masa suna. In ya miƙe yin sanarwa sai mu kalli juna. Muka rage zuwa gaishe shi. Kowa ya gaya wa matarsa "don ta taya addu'a", kafin Kirsimeti kuwa raɗe-raɗi ya kai bakin 'yan kwaya. Mutum ɗaya ne a duk majami'ar ba wanda ya yi wa magana, shi ne mai laifin. Abin da muke kira rufin asiri tsegumi ne da rigar Lahadi.

Akwai wata uwa da ta zo daga wani ƙauyen Tsafe da 'ya'ya huɗu, bayan an kashe mijinta a gona. Babbar 'yarta tana ajin ƙarshe na sakandare, dattawa kuma sun amince asusu ya biya mata kuɗin rajistar jarrabawa. Wata Lahadi bayan sujada ta tare mu a bakin ƙofa.

"'Ya'yana, don Allah ku duba mini cikin injin nan naku, ko sunan yarinyar yana ciki."

Muka duba. "Yana nan, Mama."

"To, madalla. Baba ya ce asusu ba kuɗi, a ɗan jira. Ubangiji zai kawo."

Muka ce amin. Mu da muka san Ubangiji ya riga ya kawo, mun ma san nawa ne, muka ce amin. Aka rufe rajista ba a biya ba.

Daren da muka ji an rufe, ba mu yi wata raha a zauren ba. Ɗayanmu ya turo lambar sura kawai: Matiyu 18. Mun san wurin tun muna yara, daga bakin Baba ma muka fara jin sa. Matakan a fili suke: ka je wurin ɗan'uwanka kai kaɗai, in bai ji ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan a kai gaban ikilisiya. Abin da ba mu taɓa lura da shi ba shi ne abin da ya zo daf da wannan a surar: misalin makiyayin da ya bar garke ya tafi neman tunkiya ɗaya da ta ɓata. Ashe matakan nan ba hanyar kama ɓarawo ba ce, hanyar nemo ɗan'uwa ce. Kuma babu matakin da ya ce a buɗe zaure a yi da shi.

Wanda aka saya wa fom shi muka tura. Mu biyu muka tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gida. Bai fi minti goma ba ya fito ya yafuto mu. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa muka gaisa, muka ajiye takardun a kan tabarma. Baba bai ko kalle su ba.

"Ɗiyana, abin da kunka gani gaskiya ne. Na daɗe ina jiran wanda zai tambaye ni."

A makonnin da babu waya, 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da 'yarsa ke aure a ƙasar Bungudu, suka tafi da ita. Da baki aka aiko da saƙon kuɗin fansa. Bai gaya wa kowa ba, domin kowa a Zamfara ya san in masu garkuwa suka ji akwai jama'a a bayan mutum sai su ninka kuɗi, kuma ba ka san kunnen da ke kai musu labari ba. Ya sayar da babur, ya sayar da hatsin rumbu, bai kai ba. Jakar ikilisiya kuwa tana ƙarƙashin gadonsa. Ya ce a ransa zai mayar da kaka. Kaka ta zo, gonar ba ta shiguwa.

Ba mu kawo wannan don mu wanke shi ba, shi ma bai wanke kansa ba. Kuɗin marayu ya ɗauka, ya kuma dubi gwauruwa ya gaya mata abin da ba haka ba. Amma mun fita gidan nan da kaya biyu a kai. Mun yi wata biyar muna kallon ɓarawo, alhali uban da 'yarsa ta kwana a daji ne yake wucewa ta gabanmu, ba wanda ya ce masa, Baba, lafiya kuwa? Da mun je tun Nuwamba, da an yi wani baikon an cike gibin, da yarinyar nan ta zauna jarrabawarta. Shirunmu bai rufa masa asiri ba. Barinsa ya yi shi kaɗai da laifinsa, ya bar gwauruwa ita kaɗai da asararta.

Abin kunyar kuma shi ne sana'armu ta riga ta koya mana wannan. A wurin aiki, komai ƙwarewarka, abin da ka rubuta ba ya shiga manhaja sai wani ya duba ya sa hannu. Ba wanda ke ɗaukar haka cin mutunci, don an san mutum ajizi ne, kuma wanda ya gaji ko yake cikin damuwa ya fi kowa bukatar ido na biyu. Mu da muke cin abinci da wannan ƙa'ida muka bar dattijo shi kaɗai da jakar kuɗi. Manzo Bulus bai yi wa kansa haka ba. A 2 Korintiyawa 8, da ake tara gudummawa don matalautan Urushalima, ya sa Titus a aikin tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu, don kada a sami abin zargi. A Galatiyawa 2 kuma ya ba da labarin yadda ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya, ko da yake Bitrus ya riga shi bin Almasihu.

Kada kuma mu ce ƙarancinmu ne kaɗai ke jawo wannan. A Ingila, inda ba wanda ke tsoron a rufe masa majami'a, wasu shugabanni sun san tun 1982 irin azabar da John Smyth yake gana wa samari. Suka rufe maganar, ya koma Zimbabuwe ya ci gaba. Sai a Nuwamban 2024, bayan rahoton Makin, Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya sanar da murabus. Laifin ya fi namu muni nesa ba kusa ba, amma hujjar shirun iri ɗaya ce: kada sunan aikin Allah ya ɓaci. Maƙwabtanmu Musulmi suna da sunan wannan nauyi, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, kuma mun tabbata su ma sun san yadda harshe ke nauyi in mai laifin shi ne ya rene ka.

Baba da kansa ya kai maganar gaban dattawa, muna zaune a bayansa. Wasu suka so a kashe ta a ɗakin. Shugabar Zumuntar Mata ta ce ba za a yi haka ba, wadda aka cuta sai ta ji da kunnenta. Aka sauke shi daga ma'aji, aka sa shi a horo na wata shida, bencin baya, ba ya cin Jibin Ubangiji. Ya sayar da filinsa ya biya. Ikilisiya kuma ta yi wani baiko don jinyar 'yarsa, wadda ta dawo ba yadda ta tafi ba. Akwai waɗanda har yau suke ganin mun ci mutuncin dattijo, ɗaya daga cikin iyayenmu ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarmu. Yanzu mutum biyu ke ƙirga baiko, biyu ke sa hannu, kuma duk wata uku ana karanta lissafi a gaban kowa da Hausa.

Ranar da aka gaya wa Mama, ta saurara har ƙarshe. Baba ya roƙi gafara, ta ce ta yafe, ita ma uwa ce, ta san abin da daji yake. Sannan ta juyo wajenmu.

"Ku kuma, 'ya'yana, tun yaushe kuka sani?"

"Wata biyar, Mama."

"Har ranar da na ce ku duba mini?"

"Har ranar."

Ba ta ƙara cewa komai ba. Ta gyara ɗaurin zanenta ta fita.

Ba wanda ya sa mu a horo. Babu doka a littafin ikilisiya da ta hukunta wanda ya gani ya kawar da kai. Lahadin da ta biyo baya muka ɗauki na'urar daidaita sauti muka mayar da ita bencin baya, muka ce wa Fasto daga can an fi jin yadda murya ke fita. Baba ya matsa mana wuri. A nan muka zauna wata shidan, kuma na'urar tana can har yanzu.

Yarinyar ta zauna jarrabawa a shekarar da ta biyo baya, ta ci. Duk Lahadi takan rusuna ta gaishe mu, ta ce yayye ina kwana. Muna amsawa. Shekara ɗayan nan tata ce ba mu da yadda za mu mayar mata.