Kwikwiyo da Tsumagiyar Malam

A wata unguwa ta Maradi, can wajen gangaren gulbi, akwai wani dattijo wanda ya yi fiye da shekara 30 yana koyarwa a firamare kafin ya ajiye aiki. Kowa Malam yake ce masa. Matarsa ta rasu, ƴaƴansa sun watse neman abinci, shi kuwa yana zaune cikin ɗaki biyu na haya a gidan wani Alhaji mai sayar da hatsi. Malam Kirista ne, mai gidan Musulmi, amma sun yi shekaru suna shan inuwar zaure ɗaya, ba wanda ya taɓa jin kansu.

Wata shekara da kaka aka kawo masa jikansa, yaro ɗan shekara 8. Uwar yaron ta rasu da damina, ubansa kuma yana aiki a Yamai, ba shi da mai duba masa shi. Yaron ba ya son magana. In an ba shi tuwo ya ci, in an aike shi ya tafi, in ya dawo ya nemi gefe ya zauna. Ran nan sai ya komo daga makaranta da wani baƙin kwikwiyo ƙunshe cikin riga, wai abokinsa ya ba shi. Malam ya buɗe baki zai ce a mayar, sai ya ga kwikwiyon yana lasar haɓar yaron, yaron kuwa yana dariya. Tun zuwansa gidan Malam bai taɓa jin dariyarsa ba. Ya haɗiye maganarsa. Suka sa wa kwikwiyon suna Duna.

A ƙasar Hausa kare na waje ne. Aikinsa gadi, ko farauta, ko bin garke, kuma in ya yi fitsari a tsakar gida ƙasa ta shanye, ba mai kula. Amma gidan Alhaji siminti ne tun daga zaure har ɗakuna. Ga shi kuma hunturu ya shigo, Duna bai wuce sati 8 ba, dare na yi sai ya kama kuka yana rawar ɗari. Yaron ya roƙa a bar shi ya kwana a ɗaki. Daga nan wahala ta soma. Da safe fitsari a bakin ƙofa, da rana kashi kusa da randa, da dare kuma tabarma ta jiƙe.

Malam bai ga wani abin tunani a ciki ba. Yana da tsumagiya ta icen tsamiya wadda ta yi masa aiki a aji shekara da shekaru, ya kuma gaskata da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk lokacin da ya tarar da ɓarna sai ya kamo Duna, ya dangwara hancinsa a wurin, ya tsula masa biyu ko uku. Kwikwiyon ya kwantar da kunne, ya cusa wutsiya, ya sunkuyar da kai. Malam ya ce wa jikansa, "Ka gani? Ya san laifinsa sarai."

Bayan sati biyu Duna ya daina yi a gaban Malam. Sai ya koma yi a bayan akwati da ƙarƙashin gado, inda ba a ganewa sai wari ya tashi. Wani sabon abu kuma ya ɓullo: in Malam ya shigo ya ɗaga murya, kwikwiyon yakan kwanta a gabansa ya saki fitsari nan take. Malam ya ɗauka raini ne, ya ƙara yawan bulala.

Wata Lahadi suka tafi sujada, suka kulle Duna a ɗaki tun ƙarfe 9 har bayan ƙarfe 1. Suna buɗe ƙofa ya fita a guje ya nufi zaure, ya tarar da dardumar Alhaji a shimfiɗe domin sallar azahar, ya tsuguna a kanta. Alhaji bai yi faɗa ba, kuma rashin faɗan ne ya fi yi wa Malam ciwo. Ya ce, "Malam, ka san ba na ƙin abin da yaron nan yake so, maraya ne. Amma fitsarin kare najasa ne a gare ni, ba na iya salla a kansa. In abin ya ƙi gyaruwa, sai dai a nema masa wani wuri." Malam ya karɓi dardumar ya wanke ta da hannunsa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yaron kuwa ya ji duk abin da aka faɗa. Ran nan bai ci tuwon dare ba.

Cikin makon nan Duna ya cika wata 3, lokacin da akan yi wa kwikwiyo allurar rigakafin haukan kare. Wannan allura ba abin wasa ba ce, balle ga karen da ke kwana ɗaki ɗaya da yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu daga cizo ko yagar kare suke kamuwa. Malam ya ɗauki Duna cikin kwando ya kai shi ofishin kula da dabbobi. Ashe ma'aikacin da ke wurin tsohon ɗalibinsa ne. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi allurar, ya ba da maganin tsutsar ciki. Sa'an nan Malam ya kwashe labarin duka ya gaya masa, ya ƙare da cewa karen taurin kai gare shi.

Ma'aikacin ya ce, "Malam, a gafarce ni, ba taurin kai ba ne. Mafitsararsa ce ba ta yi ƙwari ba tukuna. Abin da akan kwatanta shi ne, kwikwiyo yana iya riƙe fitsari kamar awa ɗaya ga kowane wata na haihuwarsa. Naku watansa 3, kun rufe shi awa 4. Ko da yana so ya riƙe, ba zai iya ba."

Malam ya ce, "To, ɗana, in bai san ya yi laifi ba, me ya sa yake sunkuyar da kai in na shigo?"

Ya ce, "Ku yake tsoro, Malam, ba fitsarin ba." Ya ɗan yi murmushi ya ƙara da cewa, "Mu ma a aji mukan sunkuyar da kai in kun ɗauko tsumagiya, har da waɗanda ba su yi surutu ba."

Gaskiya ma'aikacin ya faɗa, an ma gwada abin. A shekarar 2009 wata malama mai suna Alexandra Horowitz, ta Kwalejin Barnard a birnin Niyok na Amurka, ta yi gwaji da karnuka 14. Mai kare zai hana karensa cin wani ɗan abinci, ya fita daga ɗaki. In ya dawo sai a gaya masa ko karen ya ci ko bai ci ba, wani lokaci kuwa da gangan akan gaya masa abin da ba haka ba ne. Abin da aka gani shi ne, karnukan da aka tsawata wa su ne suka fi nuna fuskar nan ta mai laifi, ko sun ci ko ba su ci ba. Waɗanda ba su taɓa abincin ba ma sun fi marairaicewa. Kare yana haɗa abin da ya yi da abin da ya biyo baya nan da nan. In an doke shi bayan awa ɗaya, ba abin da ya koya sai cewa mutumin nan abin gudu ne, kuma gara a ɓuya masa. Sakin fitsari a gaban mai tsawa kuwa hanya ce da ƙaramin kare yake nuna ya yi ladabi, duka yana ƙara shi ne kawai.

Ma'aikacin ya zayyana masa abin yi. A riƙa fitar da Duna da zarar ya farka, da bayan ya ci ko ya sha, da bayan wasa, da kafin barci, tsakanin waɗannan kuma kowace awa 2. A kai shi wuri guda kullum, a tsaya tare da shi, yana gamawa a yaba masa a ba shi ɗan abin taɓawa a nan take, ba sai an koma ɗaki ba. A ba shi abinci sau 3 a rana kan lokaci, domin cikinsa ya saba. In an ga ya bar wasa yana shinshina ƙasa yana kewaya, a ɗauke shi a fita. Da dare ya kwana cikin kwali mai zurfi daidai jikinsa, gama kare ba ya son ɓata makwancinsa, in ya matsu zai yi kuka. Duk inda ya taɓa yi a ɗaki a wanke sosai da omo, domin hancinsa yana jin warin da mutum ba ya ji, warin nan ne kuma ke kiransa ya sake. In kuwa aka ga yana yawan ɗigar da fitsari, ko yana yunƙuri, ko akwai jini, a dawo da shi, wannan ciwo ne.

Malam mutum ne mai son tsari. Ya ɗauko tsohon littafin rubutu ya ja layuka kamar na kiran suna, yana rubuta lokacin ci da lokacin fita. Suka zuba yashi a lungun bayan gida ƙarƙashin dogon yaro, nesa da zaure. Yaron ya cika aljihu da gutsattsarin ƙuli-ƙuli. Cikin kwana 10 ɓarnar rana ta ragu ƙwarai. Amma Malam bai ajiye tsumagiya ba, tana nan jingine bayan ƙofa, gama har yanzu wani lokaci yakan tarar da tabarmar yaron a jiƙe da asuba.

Wata asuba ya haska tocila ya ga tabarmar sharkaf. Ransa ya ɓaci, ya ɗauko tsumagiya ya nufi kwali. Duna yana ciki yana barci, tsumman da ke ƙarƙashinsa a bushe, kwalin kuma ya fi ƙarfin ya haura. Malam ya tsaya. Ya juya hasken a hankali, sai ga wandon yaron a cukwikwiye bayan randa. Yaron yana tsaye jikin bango, kansa a sunkuye, ya ɗaga hannu ya kare fuska.

Ya ce, "Kaka, kada ka bari a kore shi. Ni ne. Tun da Inna ta rasu nake yi."

Malam ya zauna a bakin gado. Ya shiga lissafin asubahin da ya doki kwikwiyo a kan tabarmar nan, yaron yana kallo, yana koyon abin da ake yi wa mai fitsari a gidan. Ya tuna da ɗansa, uban wannan yaro, yadda shi ma yakan tsaya haka jikin bango, da yadda har yau in sun yi waya gaisuwa ce kawai take haɗa su. Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, "Abokina, sauke hannunka. Ɗauko tabarmar mu wanke tare kafin gari ya waye."

Fitsarin kwance ba ganganci ba ne. Yara da yawa suna yi bayan sun wuce shekarun yaye da nisa, yakan kuma dawo wa yaron da ya riga ya daina in wani babban rashi ya same shi. Malam ya kai jikansa asibiti aka duba fitsarinsa, ba a sami ciwo ba. Aka ce a rage masa shan ruwa dab da barci, ya zaga kafin ya kwanta, kada kuma a kunyata shi. Tun daga ran nan su uku suke fita da dare. In Duna ya yi kuka a kwali wajen ƙarfe 2, Malam ya tashi ya ta da yaron, su ratsa tsakar gida cikin ɗari da tocila ɗaya, yaro ya shiga bayan gida, kwikwiyo ya hau yashinsa, tsoho yana tsaye yana tari. A wannan tsayuwa ta tsakar dare ne yaron ya fara ba kakansa labarin uwarsa, kaɗan kaɗan.

Abin bai tafi sumul ba. Akwai ranar da baƙi suka zo aka manta da Duna, ya yi a bakin ƙofa. Malam ya wanke, ya rubuta a littafinsa cewa an makara fitar da shi. Yawancin karnuka sukan iya riƙewa sosai tsakanin wata 4 zuwa 6, waɗansu sai sun kusa shekara. Da bazara ta kama, Duna yana da wata 6, in ya matsu sai ya je ƙofa ya karce ta da ƙafa ya waiwayo. Zafi ya sa kowa ya koma kwana a waje, shi ma ya koma bakin rumbun Alhaji. Ba ya shiga zaure, an koya masa iyakarsa da ƙuli-ƙulin nan dai. Alhaji kuwa ya kafa ƙusa ya riƙa rataye dardumarsa, bai sake ta da maganar ba.

Yaron bai daina gaba ɗaya ba tukuna a lokacin, amma abin ya koma jefi-jefi. In ya faru yakan fito da tabarmarsa da kansa ya wanke ya shanya a kan igiya, ba ya ɓoye wando. Tsumagiyar tana nan har yanzu, matar Alhaji ta karɓe ta tana korar kaji daga shanyar gero.

Mai karatu da ke da kwikwiyo a ɗaki, ko yaro mai jiƙa shimfiɗa, kafin ka miƙa hannu bayan ƙofa ka tambayi kanka: yaushe rabon da a fitar da shi, kuma wa ya kamata ya tashi? A ƙarshen wannan bazara Malam ya kira ɗansa a Yamai. Bayan gaisuwa bai kashe waya ba kamar yadda ya saba. Ya ce, "Tsaya, akwai maganar da nake so mu yi."