Chenjiagou: Ƙauyen da Taici Ya Fito

Duk wanda ya zauna a ƙasar Sin ya san tsofaffin nan da ke fitowa filayen shaƙatawa da sanyin safiya, suna juya hannuwa a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa. Wasan Taici ke nan, wanda yanzu ake koyarwa har a Landan da New York. Tushensa wani ƙauye ne a lardin Henan mai suna Chenjiagou, kuma can na nufa a hutun zangon karatu tare da wata abokiyar karatuna 'yar lardin.

Daga Zhengzhou, babban birnin lardin, sai a tsallake Rawayen Kogi a yi arewa zuwa gundumar Wen. Tafiyar ba ta kai sa'a biyu ba a mota. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ga gonakin alkama da masara, ga kuma wata siririyar doya da yankin ya yi suna a kanta. Ma'anar sunan ƙauyen ita ce kwarin gidan Chen, saboda kwazazzaban da suka ratsa shi.

A harabar zauren kakannin gidan akwai mutum-mutumin Chen Wangting, tsohon jami'in soja na daular Ming. Bayan daular ta faɗi a 1644 ya zauna a gida, ya haɗa dabarun faɗa da ya sani da tsarin sarrafa numfashi na likitancin gargajiyarsu. Akwai tatsuniyar da ke danganta Taici ga wani waliyyin Tao na tsaunin Wudang, Zhang Sanfeng, amma binciken da masanin tarihi Tang Hao ya yi a shekarun 1930 ƙauyen nan ya nuna. Shi ya sa salon Chen ke ba baƙo mamaki. Ana cikin tafiya a hankali sai ka ji an buga ƙafa a ƙasa, an kai naushi kamar walƙiya. Asalinsa faɗa ne, maganar lafiya daga baya ta rinjaya.

Shekaru da dama ilimin bai fita daga gidan ba, daga uba sai ɗa. An nuna mana wani tsohon tsakar gida inda aka ce nan ne Yang Luchan, baƙo daga Hebei, ya koya. Labarin da ake bayarwa shi ne ya shigo a matsayin bara, yana leƙen darasi da dare, har Chen Changxing ya gane shi ya karɓe shi almajiri. Yang ne ya kai wasan Beijing, jikansa Yang Chengfu kuma ya sassauta shi ya zama mai laushin da duniya ta sani. A 1956 hukumar wasannin ƙasar ta taƙaita shi zuwa motsi 24 domin kowa ya iya.

Kwana huɗu na yi ina halartar darasi a wata ƙaramar makaranta. Ba a fara mana da motsi ba, da tsayuwa aka fara: gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa kamar an rungumi bishiya, minti ashirin. Kafin a kai rabi cinyoyina sun kama rawa. Malamarmu ba ta da yawan magana. Sai ta zo ta danna min kafaɗa ƙasa, ta ɗan matsar da ƙuguna, nan take na ji nauyin jikina ya sauka cikin diddige. Daga nan aka shiga abin da suke kira warwarar zaren siliki, wato juya hannu daga ƙugu ba daga kafaɗa ba. Idan ka fizga zaren ya tsinke, idan ka saki ya cukurkuɗe. Manyan ɗalibai kuwa suna yin turin hannu, mutum biyu hannu a jingine da hannu, kowa yana sauraren inda ƙarfin ɗan'uwansa ya dosa. Babu bidiyon da zai matsar maka da ƙugu. Saboda haka a nan tambayar farko ita ce wa ya koya maka, shi kuma wa ya koya masa, kamar yadda malamanmu ke jero salsalar waɗanda suka karɓi karatu a hannunsu.

Wannan salsala ta kusa yankewa a ƙauyen da ya haife ta. Chen Fake, gwanin zamaninsa, ya koma Beijing a 1928. Yaƙi da Japan da yunwar Henan ta 1942 suka tarwatsa jama'a. Lokacin da Chen Zhaopi ya yi ritaya ya dawo gida a 1958, 'yan ƙalilan ya tarar suna yi. Ya tara yaran gari a tsakar gidansa ya fara daga tushe. Da juyin al'adu ya ɓarke a 1966 ya sha tsangwama, duk da haka ya koma koyarwa har rasuwarsa a 1972. Bayansa Chen Zhaokui, ɗan Chen Fake, ya riƙa zuwa daga Beijing yana ɗorawa. Wato abin da ya fita waje ne ya dawo ya cike gurbi. Cikin almajirai huɗu da suka fi shahara daga wannan zamani, Chen Xiaowang da Chen Zhenglei 'yan gida ne, Wang Xian da Zhu Tiancai kuwa sunan wata zuriya suke ɗauke da shi.

Yau ƙauyen ya cika da makarantu da shagunan takubba da tufafin atisaye, ga gidan tarihi, musamman tun da UNESCO ta sa Taici cikin al'adun gado na duniya a Disamban 2020. Akwai masu ba da takardar shaida bayan 'yan kwanaki, akwai kuma yaran kwana da ke maimaita tsohon tsari mai motsi sama da saba'in shekara da shekaru. Idan hanya ta kai ka Henan, ka kwana a ƙauyen, ka fito da asuba kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Idan kuma a garin da kake zaune za ka nemi malami, kada takardar da ya rataye a bango ta ishe ka. Tambaye shi hannun wa ya gyara masa tsayuwa.