Zazzaɓin da ya ƙi jin magani: abin da ya same mu a gida

Mun daɗe muna shakkar rubuta wannan magana, domin a cikinta akwai laifinmu. Amma ganin yadda ake yawan tsayar da mu bayan sallar Magariba a ce a yi wa wane addu'a, zazzaɓi ya ƙi sakinsa, sai muka ga yin shiru bai dace ba.

Akwai ɗan ƙanenmu da ya zo daga gida yana taya mu a rumfar goro. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, shi kaɗai yake ɗaga huhu ya ɗora a mota. Bara da damina ya fara zazzaɓi. Kamar yadda kowa ya saba a nan Ibadan, muka ce maleriya ce, muka aika kemis aka sayo maganin kwana uku. Ya shanye, jiki ya ɗan lafa, bayan kwana biyu ya dawo. Mai kemis ya ce to ai taifod ce. Aka ɗibi jini aka yi gwajin nan da ake kira Widal, takarda ta fito wai akwai. Aka yi allurai, aka yi ƙarin ruwa, aka bi da ƙwayoyi kala-kala. Matan gida suka haɗa da siracen darbejiya, maƙwabciyarmu Bayarabiya ta kawo agbo. Mu ma muka yi tofi, muka yi rubutu.

Mako shida muna wannan zagaye. Da safe ka gan shi garau, da La'asar ta yi sai jiki ya ɗau zafi, cikin dare ya jiƙe sharkaf da gumi. Wando ya fara zame masa. Daga nan aka fara raɗe-raɗin ko sammu ne, har wani ya nuna mana wanda yake zargi a kasuwa. Wallahi saura kaɗan zumuncin shekara ashirin ya lalace a kan zato.

Ranar da ya kasa tsayuwa a sahu ya yi sallar Isha a zaune, ya ce mana, "Baffa, ku mayar da ni gida in mutu a gaban Inna." Washegari muka kai shi asibitin gwamnati.

Abin da ya ba mu mamaki, likitar ba ta fara da rubuta magani ba. Tambayoyi ta yi ta jerowa. Yaushe zazzaɓin ya fara, kuma wane lokaci yake tashi? Ya yi tafiya kwanan nan? Yana shiga kara ko mahauta? Yana shan madarar shanu da ba a tafasa ba? Akwai ɓeraye a inda yake kwana? Su nawa ne a ɗakin? Muka ce su bakwai ne, taga ɗaya, ita ma a rufe saboda sauro. Ta ce akwai mai tari a cikinsu? Sai yaron ya tuna da wani ɗan ci-rani da ya yi wata biyu yana tari kafin ya koma Arewa. Shi kansa yana ɗan tari, amma mu duk mun ɗauka ƙurar kasuwa ce. Ta shafa wuyansa ta ji kaluluwa.

Ta juyo ta ce, "Alhaji, zazzaɓi ƙararrawa ce, jiki ne yake faɗin akwai abin da ke damunsa." Ta bayyana mana cewa idan zazzaɓi ya kai mako uku ba a gano dalilinsa ba, likitoci sukan duba abubuwa da yawa: tarin fuka, ƙurji a cikin ciki ko hanta, ciwon mafitsara, cutar da ake ɗauka daga shanu da ɗanyar madara, ƙanjamau, wasu nau'o'in daji na jini, har da maganin da mutum yake sha, shi ma yakan jawo zazzaɓi. Game da takardarmu ta Widal kuwa, ta ce gwajin yakan nuna akwai ko da mutum ya yi taifod ya warke tuntuni. Wanda aka fi dogara da shi shi ne a shuka jinin a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro, kuma ƙwayoyin da muka yi ta ɗura masa suna iya ɓata wannan gwajin.

Aka yi gwajin maleriya, babu. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kakinsa aka sa a na'ura. Sakamako ya fito tarin fuka ne, wato tibi. Gwajin kaki da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, alhali abin da muka kashe a kemis ya fi kuɗin huhun goro. Aka ɗora shi a kan magani na wata shida, aka gargaɗe mu kada ya tsallake ko kwana ɗaya, domin yankewa a tsakiya ita ke sa cutar ta daina jin magani. Aka ce kada mu tsorata idan fitsarinsa ya koma ja-ja, aikin ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne. An kuma gwada abokan kwanansa, aka samu mutum ɗaya da ita. Ta iska ake ɗaukar cutar, don haka ba mu ware masa kwano ba, taga muka buɗe, muka sa mata raga.

Yanzu alhamdu lillahi ya gama magani, ya koma ɗaga huhu. Mun je har rumfar mutumin da aka zarga mun nemi gafararsa.

To 'yan uwa, ga roƙonmu. A yi gwajin maleriya kafin a sha magani, minti ashirin ya isa. In an sha na kwana uku zazzaɓi bai tafi ba, a wuce asibiti. A tafi da kwalayen duk abin da aka sha, a faɗa wa likita gaskiya, har da jiƙo da agbo. Tari na mako biyu, gumin dare da rama, kada a jira. Masu gidajen da ke saukar da baƙi, a duba ɗakunan nan.

Duk wanda ya zo mana neman addu'a za mu yi masa da yardar Allah, amma ya sani sai mun tambaye shi kwana nawa zazzaɓin ya yi, kuma wane gwaji aka yi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.