Takardar Sallama Amana Ce

Ɗana likita, tunda yanzu kai ake bar wa rubuta takardar sallama bayan zagayen safe, bari in gaya maka abin da na gani a shekarun da na yi ina likitan iyali, wurin da takardar taku take sauka.

Wata Talata wani dattijo mai ciwon suga ya shigo da baƙar leda cike da magunguna. Kwanansa 11 a wani babban asibiti. Ya cire hula ya zaro takardar da ya naɗe a ciki, na buɗe, layi uku ne kacal: an kwantar da shi, ya samu sauƙi, ya ci gaba da magani. Wane maganin? A cikin ledar har da metformin ɗin da ya daɗe yana sha. Na tura shi gwajin jini, sai ga ƙodarsa ta yi rauni. Daga baya na gano a can an tsayar masa da metformin saboda ƙodar, amma ba wanda ya rubuta. Shi kuwa da ya koma gida ya tarar da ragowarsa, ya ci gaba da sha har kwana 9. Allah ne ya kiyaye.

Don haka ka fi ba magani ƙarfi. Rubuta wanda kuka fara, wanda kuka tsayar, wanda kuka rage ko kuka ƙara, kowanne da dalilinsa. Dalilin nan shi ke hana ni mayar da abin da kuka cire. Idan kun ɗora mutum a kan lisinopril, ka ce a duba ƙoda da potassium cikin mako 1 zuwa 2. Idan warfarin ne, ina son sakamakon INR na ƙarshe da ranar gwaji na gaba. Mai tarin fuka kuwa, ranar da ya fara magani nake nema, domin daga nan ake ƙirga wata 6.

Sakamakon da bai fito ba kafin sallama, faɗi wanda zai bi sawunsa, ku ko ni. Abin da aka bar wa kowa, ba mai yinsa.

Akwai kuma abin da matasa ke mantawa: me aka gaya wa mara lafiya da iyalinsa? Idan ciwon daji ne kuma bai sani ba, ka sanar da ni, kada in jefa masa maganar ba shiri.

A Ingila ƙa'ida ce takardar ta isa ga likitan iyali cikin awa 24. Mu a nan hannun mara lafiya ne gidan wayarmu, saboda haka kada ya bar gado sai da ita. Ka guji gajerun harufan da sashenku kaɗai ya sani, ka sa sunanka yadda zai karantu, da lambar da zan kira ka.

Kafin ka sa hannu, ɗana, ka sake karantawa kamar ba ka taɓa ganin mutumin ba.