Sabon gida a tudun Maraɗi

Tun ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta ci tsohon gari, Maraɗawa suka hau tudu. Sai dai tudu ba ya kare mutum daga ginin ha'inci.

Na raka wani abokina, ma'aikacin gwamnati, amsar makullin sabon gidansa a unguwar Zariya. Fenti na ƙyalli, magini na murmushi, yana jiran cikon jika ɗari biyu. Kafin a ba shi, muka kwarara bokiti shida na ruwa a tsakar gida. Maimakon ruwan ya bi magudana, sai ya nufi ƙofar ɗakin uwargida, ya kwanta. Abokina ya kankari bulon katangar baya da ƙusa, rairayi ya yi ta zuba. An yi rowar siminti. Da azahar muka rufe kanmu a ɗakin girki, muka ɗaga kai, sai ga rana ta leƙo ta huda uku a kwano.

Magini ya ce: "Mushe, ai gida sai an zauna." Abokina ya maida kuɗinsa aljihu, ya ce su haɗu bayan ruwan farko.