Garuruwan Kan Hanya

Duk wanda ya yi karatu a Kudu ya san yadda tafiyar hutu take. Da an rufe makaranta sai a ruga tasha, a shiga motar dare, a jingina kai da taga, ba a farkawa sosai sai an ji yaron mota yana kiran Kaduna ko Zariya. Tsakanin Ikko da gida akwai garuruwa masu yawa, amma abin da akasarinmu muka sani game da su bai wuce gidan mai da inda ake tsayawa salla ba. Ni dai tun da daɗewa na ɗauki wata al'ada, wato idan hali ya yi nakan yanka tafiyata gida biyu ko uku, in sauka a wani gari, in yini ko in kwana, in tambayi mutanensa labarinsa. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma fa sai matafiyi ya sauko daga mota.

Zango na farko shi ne Shagamu, a ƙasar Remo cikin Jihar Ogun. Garin ya samu ne a ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa, sa'ad da wasu ƙananan garuruwan Remo suka haɗu wuri guda don su kare kansu. Shi ya sa har yau kowace unguwa take riƙe da sarautarta, babban sarki kuwa ana ce da shi Akarigbo. Abin da ya kai Bahaushe can shi ne goro. Na yini a wata rumfa a Sabo ina kallon yadda ake tsince shi, a ware marsa daban, minu daban, a cire mai tsutsa, sannan a jera cikin ganye a ɗaure huhu. Wani dattijo da aka haifa a unguwar ya nuna mini bambancin goron da muke ci, mai ɓari biyu, da wanda muke kira hannunruwa, wanda Yarabawa suke ce wa abata, suke kuma girmama shi wajen bukukuwansu na gargajiya. Namu kuwa suna kiransa gbanja. Da na ji wannan suna sai na tuna da Gwanja, inda fatake suke zuwa da jakuna daga Kano su yi watanni a hanya. Ashe sunan tsohuwar kasuwar kakanninmu yana nan a bakin Bayarabe. Da aka fara noman wannan iri a ƙasar Yarabawa, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, sai fataucin ya juyo Kudu, Hausawa suka biyo shi suka kafa Sabo a garuruwa irin su Agege da Badun da Shagamu.

A wannan gari ne kuma na fahimci cewa sanin al'adar mai masauki ba abin wasa ba ne. Yarabawa suna da bikin Oro, wanda idan ya fito da dare ba a yarda mace ta gan shi ba. A watan Yuli na 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu bayan an kashe wata Bahaushiya da aka ce ta fito a irin wannan dare. An yi asarar rayuka da dukiya, wutar kuma ta tsallaka har Kano. Mutanen da suka shafe shekara da shekaru suna ciniki tare suka wayi gari suna gudun juna. Tsofaffin Sabo ba su son tayar da zancen, amma idan sun yi baƙo, abu na farko da suke yi shi ne su faɗa masa ranakun da ba a yawon dare. Dattijon nan yana jin Yarabanci kamar ɗan gari, kuma ya ce da ni wannan harshe ya fi masa jari amfani.

Daga nan sai Esie, wani ƙaramin garin Igbomina a Jihar Kwara. Ba ya kan babbar hanya, sai mutum ya ratse daga Ilori ya bi hanyar Omu-Aran. A nan ne aka buɗe gidan tarihi na farko a Nijeriya, a 1945, kafin na Jos da na Ikko. Abin da ke ciki gumaka ne da aka sassaƙa da wani dutse mai laushi, kimanin 800, maza da mata, yawancinsu a zaune bisa kujera. Wasu suna riƙe da adda, wasu da kayan kiɗa, an yi musu kitso da huluna iri-iri da duwatsun wuya. Da yawa sun karye, kawuna a gefe guda, gangar jiki a gefe guda. Mutanen garin sun ce kakanninsu a cikin kurmi suka tarar da su. Labarin da ake bayarwa shi ne wasu mutane ne da suka yi saɓo aka mayar da su duwatsu, har akwai wanda ake kira sarkinsu. Masana kuwa sun tafi a kan cewa aikin hannu ne na wata al'umma da ta zauna a yankin ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Abin da ya tsayar da ni a gabansu shi ne tsagar da ke fuskokin wasu. Nan da nan zuciyata ta koma ga tsagar Gobirawa da ta Kabawa, da yadda a da ake duban fuskar mutum a faɗi garinsu tun bai buɗe baki ba. Yanzu wanzamai sun kusa daina wannan aiki, kuma idan ba mu rubuta ba, wata rana jikokinmu za su dubi hoton kakansu yadda na dubi gumakan Esie, suna ganin alama ba su san fassararta ba.

Jebba kowa ya san ta, domin a nan ake ƙetare kogin Kwara, a sayi soyayyen kifi ta taga. Wanda ya sauka kuwa zai ga dutsen nan da ke tsaye tsakiyar ruwa, wanda ake kira Dutsen Juju. A kusa da shi ne jirgin ruwan Baikie mai suna Dayspring ya farfashe a 1857, a cikinsa har da Samuel Ajayi Crowther. Akwai kuma hasumiyar tunawa da Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806, da Richard Lander wanda ya bi kogin har bakin teku a 1830. Jebba ta taɓa zama mazaunin Lugga kafin ya koma Zungeru a 1902.

Zungeru ita ce ta fi ba ni tausayi. Daga wannan gari aka shirya rundunar da ta ci Kano da Sakkwato a 1903, a nan kuma aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904 da Odumegwu Ojukwu a 1933. Da aka mayar da hedikwata Kaduna sai garin ya koma baya, har ƙaramar gadar ƙarfe ta Lugga ma daga baya aka ciro ta aka kai Kaduna. Abin da ya rage sai kufai cikin ciyawa da maƙabartar Turawa. Yanzu an fi jin sunan garin saboda madatsar ruwa mai ba da wutar lantarki da aka gina a kan kogin Kaduna.

Wanda yake son gwada irin wannan yawo ba ya bukatar kuɗi mai yawa, ladabi ne jarinsa. Ya fara neman masallaci ko gidan Sarkin Hausawa, domin da wuya a sami garin da babu ɗan uwa. Ya koyi gaisuwa da harshen mutanen gari, ya durƙusa wa tsoho, kada ya ɗauki hoton wurin tsafi ko fada sai da izini. Idan an ba shi labari iri biyu a kan abu guda, ya rubuta duka, kada ya yi gardama. Ya kuma yi tambaya game da lafiyar hanya kafin ya ratse, domin zamani ya canza.

Mu ɗaliban Hausa da ke zaune a Kudu mun fi kowa damar yin wannan aiki. Tarihin zango-zango da Sabo-Sabo yana nan a bakin tsofaffi, kuma kullum raguwa suke yi. Kowannenmu yana bin hanyar nan aƙalla sau biyu a shekara. Da a ce kowa zai sadaukar da yini guda a gari guda, ya dawo da shafi biyu ko uku, da wannan mujalla ba ta rasa abin bugawa ba. Allah ya kai mu gida lafiya, ya dawo da mu lafiya.